Ƙuri'ar Tsohon Mai Kemis

Shekara talatin da huɗu Orval Stamper ya yi a tsaye bayan kantar kemis ɗinsa da ke babban titin Maddox Fork, har gwiwoyinsa suka yi masa tawaye, ya sayar da shagon ya koma gida kiwon kaji da musu da matarsa Imogene. Haɗa magani ya karanta, ba aikin likita ba, amma kaf gundumar Tolliver, daga masu haƙar kwal har fastoci, babu mai kiransa da wani suna sai Likita.

Wata safiyar Talata cikin watan Maris yana zaune a baranda yana kurɓar kofi, sai waya ta yi ƙara. Buford Kilgore ne, shugaban gunduma.

"Likita, kana nan da ranka?"

"Da saura. Me ya faru, Buford? Kai ba ka kiran mutum sai zaɓe ya ƙarato."

"Bakin nan naka dai bai yi ritaya ba. Kuɗin nan ne suka iso."

Ba sai ya ce waɗanne kuɗi ba. Kowa ya san jihohi sun maka manyan kamfanonin ƙwayar kashe raɗaɗi a kotu, da masu ƙera ta da masu dillancinta, an yi sulhu a kan za su riƙa biyan diyya shekara bayan shekara. Jiharsu ta riƙe rabi a babban birni, ta yayyafa wa gundumomi rabi. Abin da ya faɗo wa Tolliver a bana dala dubu ɗari biyu da goma sha biyu ne.

Buford ya ce, "Ƙa'idar jiha sai an kafa kwamitin mutum uku da zai faɗi inda za a sa su. Jami'in tsaro ɗaya, ɗaya daga iyalan da abin ya taɓa, sai wanda ya san magani. Na sa Dewey. Na sa Nadine Prater, ko na samu ta bar zaman dirshan a ƙofar ofishina. Saura kai."

Orval ya ajiye kofin. Dewey Caudill, shugaban 'yan sandan gunduma, abokinsa ne tun suna makarantar firamare. Sunan Nadine ne ya sa jikinsa ya yi sanyi.

"Ka nemi wani, Buford."

"Wa zan nema? Yarinyar da ke sabon kemis ko sunan titunanmu ba ta gama sani ba. Zama biyu ne, ka ɗaga hannu a wuce wurin. Dewey zai faɗa maka yadda abin yake."

Da ya kashe wayar, ya tarar Imogene na tsaye a bakin ƙofa, hannu duk garin masara, ta ji komai.

"In ka ƙi, za a ce tsoro kake ji," ta ce. "In ka karɓa, za a ce ba ka da kunya. Sai ka zaɓi wanda za ka iya cin tuwo da shi."

"Ke wanne kika gani?"

"Ni gani na yi wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tashi ka ba kajin nan ruwa."

Ranar Alhamis aka yi zaman farko a wani ɗan ɗaki da ke ƙasan tsohon ginin kotu. Dewey ya riga kowa zuwa, ya cika kujera da jikinsa, hularsa a kan gwiwa. Nadine ta shigo daga baya, doguwar mace mai furfura, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Ta dubi Orval sau ɗaya, ta juya ga Dewey.

"Ashe kura aka ba ajiyar nama."

"Haba, Misis Prater," in ji Dewey. "A zauna lafiya mana."

"Ai a zaune nake. Fara."

Dewey ya buɗe takardarsa. Motocin sintiri biyu yake so, da wata na'ura da za a kafa a ƙofar gidan yari, mai haska jikin mutum ta nuna abin da ya haɗiye ko ya ɓoye. Ya ce ya tambaya a babban birni, an ce masa za a iya shigar da su ƙarƙashin yaƙi da ƙwaya. Kuɗin ma da ƙyar za su kai.

Nadine ba ta zo da takarda ba. Ta ce ita ƙaramar bas take so da direba. Asibitin da ke ba masu son rabuwa da ƙwaya maganinsu na kullum yana can ƙetaren duwatsu, mil hamsin da takwas. Mafi yawan masu zuwa an ƙwace musu lasisin tuƙi ko sun sayar da motar tuni. Wanda ya fashe kwana biyu, jiki ya murɗe shi, sai ya koma gidan jiya.

"Kuɗin nan farashin 'ya'yanmu ne," ta ce. "Na binne Travis yana da shekara talatin da uku. Ba zan sa hannu a sayi motar da za ta riƙa farautar abokansa ba."

"Ni ma ai na binne mutane," Dewey ya ce, fuskarsa ta yi ja. "To, Likita, ɗaya da ɗaya ke nan. Kai ne raba gardama."

Orval ya ga yadda Dewey ke kallonsa, kallon wanda ya gama sanin amsa. Ya yi gyaran murya ya ce shi ba zai ɗaga hannu yau ba. Yana so ya ga gidan yarin da idonsa, ya kuma ga hanyar asibitin. Dewey ya yi dariya ya ce tsufa ya mai da mutumin nan alƙali. Nadine ta ɗauki jakarta ta ce ƙarfe shida na safe take tashi zuwa asibitin, kuma ba ta jiran kowa.

Gidan yarin ya fara zuwa. An gina shi don mutum sittin, ranar akwai ɗari da huɗu. Tun daga ƙofa warin amai da na sabulun wanke ƙasa suka tare shi. A ɗakin farko wani magidanci na kwance a kan katifa a ƙasa, ya dunƙule yana rawar ɗari, gumi na zuba.

"Kwanansa biyu ba ƙwaya," in ji Dewey. "Gobe zai fi haka. Ka ga wannan wurin? Shi ne asibitin Tolliver. Ni ne likitansu, ni ne uwarsu, kuma ban karanta ko ɗaya ba."

Ya kai shi ɓangaren mata, ya tsaya gaban wani ɗaki. Ya ce bara wata ta shigo da garin ƙwaya ƙunshe a jikinta, ta raba wa 'yan ɗakin. Kafin a ankara wata yarinya mai 'ya'ya biyu ta sandare. Shi da kansa ya ɗauke ta ya fito da ita, shi ya je ya faɗa wa mahaifinta.

"Nadine na ganin motar yawo nake so. Makon jiya aka kira mu daga ƙarshen kwarin Laurel, wani ya faɗi a banɗaki. Maganin farfaɗowa na nan a motar yarona, wanda ake fesawa a hanci, amma motar ta mutu a kan tudu. Minti hamsin ya yi kafin ya isa. Ka faɗa mini, wannan ba ceton rai ba ne?"

Orval ya ce ceton rai ne. Sai ya tambaya, idan an sallami mutum daga nan, ina yake zuwa?

"Mu ba shi kayansa a leda, mu buɗe ƙofa."

"Daga nan fa?"

Dewey ya sosa ƙeya. "Wasu ba sa cika mako. Jiki ya manta da ƙwayar, su kuma su sha yadda suka saba."

Washegari shida saura kwata Orval ya isa gidan Nadine. Tsohuwar motarta na ta haƙi a tsakar gida. Sau huɗu a mako take wannan tafiyar, da man da take saya daga fanshonta da ɗan abin da matan coci ke tara mata. Ba ta amsa gaisuwarsa ba, ta dai kwashe tarkace daga kujerar gaba.

Sun ɗauki mutum biyu a hanya. Ta farko wata matashiyar mata ce, Shawna, wadda ta shiga ta jingina kai da gilashi ta rufe ido. Na biyu wani dattijo ne siriri, haƙoransa saura kaɗan, yana tsaye a bakin gada da robar kofi. Da ya leƙo ya ga wanda ke gaba, sai ya kwashe da dariya.

"Kai! Likita! Kai ma ka shiga layinmu ne?"

Orval ya dube shi, bai gane shi ba.

"Roscoe Vanover ne fa. Ramin kwal na bakwai. Da ƙato ne ni, sai na sunkuya nake shiga shagonka. Miss Nadine, wannan bawan Allah ya fi kowa saurin sallama a jihar nan. Ka miƙa takarda, kafin ka gama karanta farashin cingam an ƙirga maka ɗari da ashirin."

"Likitan asibiti ne ya rubuta, Roscoe," Orval ya ce a hankali.

"Ai ban ce komai ba. Likitan nan na ƙetaren kogi, Allah ya ji ƙan aljihunsa, ko kare ka kai masa ka ce bayansa na ciwo zai rubuta masa." Ya kurɓi kofi. "Wata goma sha ɗaya ke nan ban taɓa komai ba, Likita. Jikata ta yarda na ɗauke ta ranar Lahadi. Ka san nauyin yarinya 'yar shekara biyu? Ni da na manta."

Mota na hawa tana gangarawa, Roscoe na ta zuba, Orval kuwa hankalinsa ya koma baya. Ya tuna shekarun da layi ke fita har waje, motoci masu lambar wasu jihohi suna cika masa ƙofa. Ya tuna yadda yakan ce wa kansa takarda ta cika ƙa'ida, hatimi na nan, sa hannu na nan, shi nasa ƙirga ne. Ba ƙarya ya yi wa kansa ba, amma ba gaskiyar duka ba ce. Mutumin da ya san tarin kowane yaro a garin ba zai ce bai ga idanun iyayensu suna shigewa ciki ba. A shekarun ne ya canza rufin gida, ya kai 'ya'yansa mata biyu jami'a, ya sayi ɗan gidan hutu a bakin tafki.

A asibitin, Roscoe da Shawna suka shiga layi. Nadine ta kashe mota ta fito da burodin masara a takarda, ta gutsura, ba ta miƙa masa ba. Shi ya fara magana.

"Misis Prater, na san ni na riƙa ba Travis ƙwayar nan. Ban taɓa samun bakin faɗa miki ba."

Ta tauna ta haɗiye kafin ta amsa.

"Kana tsammanin don ka ba shi nake jin haushinka? Dutse ya faɗo masa a baya cikin rami. Ni da kaina na zo na karɓar masa kwalbar farko, har na yi maka godiya. Shekara shida kana ba shi. Sai ranar da hukuma ta fara binciken masu kemis, tsoro ya kama ka. Ka tuna abin da ka ce masa?"

Ya tuna. Ranar shagon cike yake da mutane.

"Ka ce masa, 'Fita, ba na sayar wa 'yan ƙwaya.' A gaban malamarsa ta makarantar Lahadi a coci. Ya dawo gida ya zauna a matakala yana kuka kamar yaro, ƙato mai gemu. Ba ka ce masa ga inda za ka je ba. Ba ka kira ni ba, alhali lambata na littafinka. Ka hau da shi bishiya ka janye tsani. Wata huɗu bayan nan na same shi a gareji da allura, irin ta kan titi."

Orval ya dubi layin da ke ƙofar asibitin, maza da mata kusan talatin cikin manyan riguna, ya fara gane fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"Ba gafara na kawo ka ka nema ba," ta ce. "Ba ni da ita a hannu yanzu. Ka ce kana son ganin hanya, ga ta nan ka gani."

Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya ba Imogene labari duka. Ta saurara, sannan ta ce kuɗi ai ba a Tolliver kaɗai suke ba, rabin da jiha ta riƙe fa? In an samo ko kaɗan daga can, sai Dewey ya samu motarsa, Nadine ta samu bas, shi kuma ya huta da zama tsakanin wuta biyu. Ya ga maganar ta yi. Ya bincika ya ji hukumar da ke riƙe da kuɗin na zama a bainar jama'a ƙarshen wata, kowa na iya neman magana. Ya kira Nadine. Ta ce ta taɓa zuwa sau biyu, ba a nan take ba, amma in shi zai sayi mai za ta je.

Tafiyar awa uku ce. Zauren na da kafet mai laushi da tutoci, mutum goma sha ɗaya a kan dogon teburi, kowanne da makirufo da ruwan roba. A gefe an kafa agogo mai jan lamba, kowane mai magana minti uku.

Amma kafin a zo kan jama'a, sai da wasu samari masu kwat suka yi minti arba'in suna nuna hotunan allunan gargaɗi da suke so a kafa a manyan hanyoyi, aikin dala miliyan huɗu. Bayansu wani jami'in baitulmali ya yi bayanin cewa za a ɗebi wani kaso a biya kuɗin jinyar fursunoni, wanda dama can jiha ke biya daga aljihunta. Wata 'yar hukumar, tsohuwar nas, ta ce wannan ai cire kuɗi ne daga aljihun dama a sa a na hagu, babu rai ɗaya da zai ƙaru. Aka ce an ji, za a duba. Orval ya lura ba mugaye ba ne mutanen teburin. Sun gaji ne, takardu sun yi musu yawa, kuma wanda ya iya rubuta takarda shi suka fi ji.

Nadine ta tashi ta faɗi nata, mil hamsin da takwas, mutum nawa, sau nawa a mako. Tana tsakiyar ba da labarin Roscoe agogo ya yi ƙara, shugabar zaman ta ce, "Mun gode, Misis Prater, muna taya ki jimami." Ta dawo ta zauna, bakinta a tsuke.

Aka kira Orval. Ya rubuto jawabi a takarda, amma da ya tsaya sai ya ninke ta.

"Sunana Orval Stamper. Ni mai kemis ne. Ƙwayar da ake biyan diyyarta, wani kaso nata ta hannuna ya bi ya shiga gidajen mutane. Kamfanoni sun biya, ni ba wanda ya ce na biya ko sisi. Abin da na zo faɗa ɗaya ne. A zamanina kowace takarda da na sallama ta cika ƙa'ida. Na ji yau ana ta cewa wannan kashe kuɗi ya cika ƙa'ida, wancan ma ya cika. Ni na san wannan maganar, na yi shekaru ina faɗa wa kaina ita. Mutanenmu bas suke nema."

Ko minti biyu bai cinye ba. Wani ɗan jarida ya ɗago kai. Shugabar ta gode masa da ladabi, ta ce za a buɗe karɓar takardun neman tallafi a watan Oktoba, fom ɗin shafi arba'in da biyu ne, yana da kyau gunduma ta ɗauki ƙwararren mai cikawa.

A hanyar dawowa suka tsaya wani gidan abinci, suka ci wake da burodin masara. Kowa ya biya nasa. Nadine ta ce, "Na faɗa maka." Can kuma ta ce, "Amma ban zaci za ka faɗi sunanka ba."

Zama na biyu ya zo cikin Afrilu. Wannan karon mutane sun cika ɗan ɗakin har matakala, don jaridar babban birni ta buga maganar Orval. Wasu a gari sun daina gaishe shi, wasu kuma da suka daɗe da dainawa sun fara ɗaga masa hannu. Buford da kansa ya zo ya tsaya a bayan ɗaki.

Orval ya ce ga abin da ya gani. A sayi bas a ɗauki direba. Abin da ya rage a ɗauki nas da za ta riƙa shiga gidan yari kwana uku a mako, ta fara ba masu murɗewar jiki magani tun suna ciki, ranar da aka sallame su kuma bas ta ɗauke su daga ƙofar zuwa asibiti.

"Motocin fa?" in ji Dewey.

"Kana buƙatar mota, Dewey, na gani da idona. Amma motar 'yan sanda aikin harajin gunduma ne. Ka je ka shaƙe Buford, ga shi can a tsaye."

Mutane suka yi dariya, ban da Dewey da Buford. Nadine ta ce ita da so samu ne ko sisi kada ya shiga ginin Dewey, amma nas ba sarƙa ba ce, ta yarda. Su biyu suka ɗaga hannu. Dewey ya miƙe ya sa hularsa.

"Shekara sittin, Orval. Kana so ka wanke hannunka, sai ka goge shi da rigata."

Ya fita. Maganar ta bi Orval har gida, domin bai iya rantsewa babu gaskiya a cikinta ba.

Shawarar kwamiti ba hukunci ba ce, sai majalisar gunduma ta amince. Majalisar ta zauna a watan Mayu, ta yanke dala dubu hamsin da takwas ta saya wa Dewey mota ɗaya, ta bar sauran. Da haka kwanakin nas suka koma biyu, bas kuma babu ita ranar Asabar. Sannan aka aika takardu babban birni don a tabbatar, suka dawo sau biyu saboda an sa kuɗin man bas a layin da ba nasa ba. Orval ya zauna a teburin cin abinci da tabarau biyu yana gyarawa, Imogene na karanta masa ƙananan rubutun.

Sai a watan Satumba bas ta iso, fara mai kujera goma sha huɗu. Shawna ba ta gan ta ba. A watan Yuli motar Nadine ta kwana tara a garejin makaniki, a kwana na shida aka tsinci gawar Shawna a ɗakin ƙanwarta. Orval ya je jana'izar ya tsaya daga baya. Da aka watse ya ce wa Imogene yana tunanin sayar da gidan bakin tafki. Ta ce gidan rabinsa nata ne, kuma jikoki na zuwa can duk bazara, ya bari su yi magana da 'ya'yan. Suka yi maganar, ba a cimma komai ba, gidan na nan. Abin da ya iya shi ne biyan man Asabar daga aljihunsa, Nadine ta riƙa tuƙawa kyauta. Ya ce zai karɓe ta wani lokaci, ta ce da waɗannan idanun nasa ko keken jarirai ba za ta ba shi ba.

Roscoe ya cika shekara ɗaya da rabi ba ƙwaya, ya samu aiki a shagon taya. Fom ɗin Oktoba, mai shafi arba'in da biyu, Orval ya cika shi da kansa cikin mako uku, aka amsa cewa yana cikin jerin masu jira.

Dewey bai yi masa magana ba har sanyi ya shigo. A coci sai ya zauna can ɗaya gefen. Wata ranar Laraba da hantsi, Orval na gyaran ƙofar akurki, Imogene ta leƙo ta ce ana kiransa a waya.

"Orval."

"Dewey."

"Ba hira na kira ba. Akwai wanda zan sallama ranar Juma'a, ɗan gidan Mullins, na tsakiyan. Nas ta fara ba shi magani, ya ce yana so ya ci gaba. Direbanku ya ce bas ta cika, har da masu jira shida."

"Haka ne, ta cika."

"To ni ban sani ba. Ku kuka ce za ku ɗauka daga ƙofa. Ba zan ba shi leda in buɗe masa ƙofa ba, na san uwarsa. In ta kama, sai in sa a kai shi a sabuwar motar. Amma fa a kujerar gaba zai zauna, kada matar nan ta ce na kama shi."

"Zan faɗa mata."

"Kuma na Juma'a kawai na ce. Ni ba direban tasi ba ne."

"Litinin fa, Dewey? Kullum ne maganin."

Dewey ya yi tsaki ya ce sai ya duba jadawalin yaransa, ya kashe wayar.

Orval ya sa rigar sanyi ya ɗauki makulli. Imogene ta ce ai sai ya kira Nadine a waya, ya ce ba ta ɗaukar wayarsa sai ta ga dama. Ya same ta a bayan coci tana share cikin bas da tsintsiya. Ya faɗa mata yadda suka yi. Ta tsaya ta dogara da tsintsiyar.

"Ɗan Mullins na tsakiya. Cody ke nan. Ba ya cin wake tun yana aji ɗaya." Ta yi ɗan tunani. "Ka ce wa Dewey ya kai shi Juma'a da Litinin. Roscoe ya kusa komawa karɓar na mako-mako, kujerarsa za ta fita ranar Talata. Kuma ya ce wa yaransa kada su kunna jiniya."

Ta miƙa masa abin kwasar shara ta ce ya riƙe daidai, ta ci gaba da sharar.